Jegon Kyalla a Gidan Bappayo

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Bako da ke Yola ya san Bappayo, ko da bai san sunansa na yanka Salihu ba ne. Siririn mutum ne mai ɗan rankwafawa, kuma rankwafawar ba ta tsufa ba ce, tun yana da ƙarfinsa ya samo ta. Shekara talatin da uku ya yi yana masinja a sakatariya a Jimeta, yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana tura ƙofa da kafaɗa, yana sallama ƙasa-ƙasa. A Wuro Hausa aka haife shi, gidan maɗinka hula, amma hannunsa bai karɓi allura ba. Sai wani kawunsa ya kai shi aikin gwamnati, ya yi masa nasiha guda ɗaya tak: duk abin da babba ya faɗa, ka ce to. Bappayo ya riƙe wannan magana kamar yadda wasu ke riƙe wuridi. In darakta ya ce yau garin da sanyi, a tsakiyar watan Afrilu, a Yola, gumi na gangarowa a wuyan kowa, sai Bappayo ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, har da 'yar iska." Matarsa Asta takan ce har yau ba ta tabbata shi ya ce yana sonta ba, ta yiwu wani babba ne ya tambaye shi ya amsa.

Ban da wannan, mutum ne mai tsoron Allah. Sahun farko ba ya wuce shi, ba ya cin abin wani, ba ya ɗaga murya. Kare kuwa ko a hanya ya hango, yakan tattare rigarsa ya tsallaka ɗaya gefen.

Shekarar da 'yan Boko Haram suka ci Michika da Mubi, Allah kada ya maimaita mana, Yola ta cika da mutane har gindin bishiyoyi. Wata rana bayan la'asar Asta ta dawo daga kasuwa da wata mata a bayanta, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage, da jaririya a goye. Sunanta Hilda, Kirista ce daga Michika. An kashe mijinta a gona, ita kuma ta yi kwana tara tana bin duwatsu a ƙafa. A bayanta akwai wata karya mai launin zuma, haƙarƙarinta duk a waje. Ta mijin ce, da ita yake farauta, ita ce ta biyo su har nan ba wanda ya kira ta. Zuma suke ce mata.

Bappayo ya dubi matar, zuciyarsa ta karye. Ya dubi karyar, ya so ya ce a'a, amma bakinsa bai san hanyar kalmar ba. Aka ba Hilda ɗakin da ake ajiye masara, aka kai Zuma garka bayan gida, inda yake shuka kuɓewa da yakuwa a ƙarƙashin wani mangwaro.

Kwana biyu Modibbo Hayatu, limamin unguwa, ya kira shi gefe bayan azahar, ya tuna masa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Bappayo ya ce to. Ya dawo gida ya fara kame-kame a gaban Hilda, ita kuwa ta ce, "Baba, duk abin mijina ya ƙone. Shi kaɗai ya rage." Bappayo ya ce to. Da ya ga to biyu sun haɗe masa a maƙogwaro, sai ya sayo zana ya kafa tsakanin garka da tsakar gida, don mala'iku su riƙe gida, karya ta riƙe garka.

Wata biyar Hilda ta yi a gidan, sannan ta sami ɗaki a Jimeta kusa da danginta, amma mai gidan ya ce ban da kare. Ranar tafiya ta tsuguna a garka ta daɗe, sannan ta fito ta ce, "Baba, ka riƙe mini shi. Amana. In Allah ya kawo lafiya zan zo in ɗauka." Da wata kalmar ta yi amfani, da ƙila Bappayo ya sami yadda ya yi da karyar. Amma amana ta ce, shi kuwa ya san ana tambayar mutum amana ranar da ba darakta ba masinja.

Shekarar da ta biyo ita ce ta tashin bama-bamai a Jimeta, lokacin da ake laluben mutum a ƙofar masallaci har cikin hula. Wata Juma'a Zuma ta huda zana ta biyo Bappayo bai sani ba. A bakin masallaci sai ta hango wani baƙo da ƙullin buhu a kafaɗa, ta yi kansa da haushi tana tsalle. Wani ya ce, "Bam!" Shi ke nan. Takalma a nan, huluna a can, carbi a cikin kwata. Baƙon ma ya jefar da buhun, ya fi kowa gudu, ba a sake ganinsa ba. Bappayo kaɗai ya nufi wajen, ba don jarumta ba, don ya janye amanar mutane ne. Da ya sunkuya ya kama wuyan karyar, ƙamshi ya bugi hancinsa. Bandar kifi ce, tarwaɗa, irin ta bakin kogi. Masu kaki suka zo suka sa buhun a mota suka tafi da shi, har yau ba a ji ƙararsa ba.

Da ƙura ta lafa, Alhaji Nata'ala ya sauko daga katangar da ya hau. Shi ne tsohon daraktan Bappayo, babban mutum a unguwa, a jiki da a aljihu, kuma har yanzu ba a san yadda ya kai wannan jiki kan katanga ba. Yana tsaye da takalmi ƙafa ɗaya ya ce shi da idonsa ya ga wayoyi, ja da baƙa, suna leƙowa daga buhun. Ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, Bappayo? Kai ka fi kusa."

Bappayo ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Kafin Juma'a ta zagayo, Modibbo ya sake duba littafi ya gano an halatta karen tsaron gona, kuma garka ai gona ce. Aka naɗa Bappayo Kwamandan 'yan sintirin unguwa, aka ba shi usur da riga mai ƙyalli. Labari kuwa yana tafiya yana ƙiba. A Jimeta mutum uku karyar ta kama, kafin ya haye gada ya kai Girei sun zama bakwai, har da mace.

Shekaru suka shuɗe. Hilda ta koma Michika tana ɗora bulo ɗaya-ɗaya a kangon mijinta. Kowace Salla da kowane Kirsimeti takan bugo waya: "Baba, yaya Dada? Yaya karena?" Dada take ce wa Asta. Bappayo ya saba da karyar ba tare da ya yarda ya saba ba. Bai taɓa shafa kanta a gaban mutane ba, amma ƙanzon tuwo mai kyau nata ne, kuma in yana cire ciyawa yakan ba ta labarin sakatariya, har da abubuwan da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da ta tsufa ta mutu wata damina, ya haƙa rami a gindin mangwaro ya rufe ta, ya ce wa Asta hayaƙin murhu ne ya shiga idonsa, alhali ranar ba a hura wuta ba tukuna. Ta bar 'ya guda a gidan, mai fari a goshi, ana ce mata Kyalla. Da ya gaya wa Hilda a waya, sai ta ce, "To Baba, 'yar ya zama amanar. In na gama katanga zan zo."

Bana da damina Kyalla ta haifi 'yan kwikwiyo shida. Yanzu ba bam ake tsoro ba, 'yan Shila ne masu fizgen waya da masu satar mutane, don haka duk mai katanga da geti a Bako yana son jinin Zuma a gidansa. Wannan ya tare Bappayo a masallaci, wancan a wajen jana'iza, wani ya aiko direba. Kafin 'yan kwikwiyon su buɗe ido, ya yi alkawarinsu ga mutum goma sha ɗaya.

Asta ta ce, "Malam, shida ne fa. Ko yanka su za ka yi kamar naman layya?"

Ya ce, "Allah zai kawo mafita."

A cikin makon nan Hilda ta bugo tana dariya, ta ce ta gama katanga, ta sa ƙofa, ƙarshen wata tana tafe ta ɗauki amanarta. Bappayo ya ce to.

Washegari Alhaji Nata'ala ya zo duba nasa. Ya tsaya daga bakin zana ya toshe hanci da hannun babbar riga, ya leƙa kwanon Kyalla ya ga ƙanzo da ɗan romon kifi. Ya ce, "Subhanallahi! Mai shayar da shida kake ba wannan? Za ka lalata jinin, Bappayo. Wannan ai mai jego ce. A yi mata abin da ake yi wa mai jego."

Da hantsi direba ya sauke kula biyu, ɗaya kunun kanwa mai kauri, ɗaya farfesun ƙauri ya sha yaji. Labari ya zaga unguwa cewa Alhaji ya fara ciyar da uwa, kuma wanda ya fi ciyarwa shi zai fara zaɓe. Nan fa sauran goman suka tashi tsaye. Jauro, mai unguwa, ya aiko da kindirmo ƙwarya guda. Wani ɗan kwangila ya aiko da farfesun kayan ciki, man shanu na yawo a kai, albasa da tafarnuwa kamar an zuba da tiya. Wani tsire, wani yajin jego a kwalba. Wata Hajiya har da ganyen darbejiya ta aiko, wai a riƙa yi mata wanka da ruwan zafi safe da yamma. Asta ta ce ranar da aka sa ta yi wa karya wankan jego, ranar za a ba ta takardarta ta koma gidan ubanta, ko da kango ne.

"Haihuwa takwas na yi a gidan nan," in ji ta, tana buɗe kulolin tana rufewa, "ko ƙafar akuya ban gani ba. Ashe kuskuren da na yi, ban yi haushi a ƙofar masallaci ba."

A bayan katangarsu kuwa akwai Naziha, matar wani mai keke Napep, wadda ta haihu mako ɗaya da Kyalla, haihuwar fari, ga uwarta ta rasu, ga keken mijin yana gareji. Koko take sha safe da rana, wani lokacin ba sukari. Ƙamshin farfesu kullum yana tsallaka katanga ya same ta a kan tabarma. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai a ji jaririnta yana kuka.

Kyalla dabba ce, ba ta san kawaici ba, duk abin da aka zuba sai ta lashe kwano. Kwana uku cikinta ya fara ƙugi ana ji daga tsakar gida. Sai zawo, tsululu kamar an kwance famfo. Rana ta biyar ta fara amai. Idanunta suka faɗa, gashinta ya tashi, nonon ya ja baya, 'yan kwikwiyon suna tsotsa suna saki suna tsuwa. Bappayo ya koma ma'aikacin garka: toka a bokiti, shebur a hannu, yana bi yana rufewa, yana wanke hannu har gwiwa, yana sauya riga kafin kowace salla. Sabulun wata guda ya ƙare a mako. Rana ta shida da safe ya tarar da ƙaramin cikinsu ya sandare. Ya rufe shi kusa da kakarsa.

A majalisar ƙofar masallaci kowa ya zama likita. Wani ya ce baki ne, an cika zancen karyar. Wani ya ce guba ce, mutanen da Zuma ta tona wa asiri ne suka dawo ramuwa bayan shekara goma, ai ba sa mantuwa. Wani ya zaro kafso ja da yalo daga aljihu ya ce a ɗura mata huɗu. Aka roƙi Modibbo rubutu, ya ce shi dai ba zai wanke allo a ba kare ba, amma ana iya gwada hayaƙi. Alhaji Nata'ala ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ya ce duk ba su gane ba, dattin haihuwa ne ke fita, haka ake so, kanwar ce ma ba ta isa ba. Daga gobe zai sa a ninka.

Bappayo ya ce wa kowa to. Ya dawo ya tsuguna a garka yana duban Kyalla, ita ma tana dubansa, ko jela ba ta iya kaɗawa. Shi ba jahili ba ne. Shekara goma yana kiwon kare da ƙanzo da romo bai taɓa ganin haka ba, kuma ya san ranar da abin ya fara. Amma tsakanin sanin abu da faɗa wa Alhaji Nata'ala shi, akwai tafiyar da ƙafarsa ba ta taɓa yi ba. Ya ɗauki waya zai kira Hilda ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. Me zai ce? Matar da ta ratso duwatsu kwana tara karya ba ta mutu a hannunta ba, sai a hannunsa, a cikin gari, saboda ƙoshi?

Asta ce ta kira ta, ba ta gaya masa ba. Kwana biyu da hantsi sai ga sallama. Hilda ta yi jiki, ta sa tabarau, furfura ta fara leƙowa daga ɗankwali. Ta rungume Asta, ta durƙusa ta gaida Bappayo, ko ruwa ba ta sha ba ta wuce garka. Ta ɗaga leɓen Kyalla ta duba dasashi, ta ja fatar wuyanta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Baba, me kuke ba shi?"

Bappayo ya dubi mangwaro. Asta ta jawo kulolin ranar ta jera, ta riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar mai nuna kayan lefe.

Hilda ta sa yatsa a kunun ta ɗanɗana ta tofar. "Kanwa? Wa kare? Dada, wannan ko ni na sha, a bayan gida zan yi Kirsimeti. Ga nono, ga mai, ga barkono, ga albasa. Baba, kare ne fa. Ba amaryar Alhaji ba ne."

"Manya ne suka ce mai jego ce."

"Manyan sun taɓa kiwon kare?"

"Sun dai... suna da littattafai."

Ta ce a ɗauke komai. A tafasa ruwa ya huce, a sa ɗan gishiri da sukari, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Abinci kuwa farar shinkafa ta dahu luguf da dafaffen kifi ba mai ba yaji, ɗan kaɗan sau biyar a yini. Kuma yau ɗin nan a kai ta wurin likitan dabbobi. Masu keke uku aka tsayar, kowa ya leƙa ya ga fasinjar da abin da ke bin ƙafarta ya ja kekensa. Ƙarshe a baro aka shimfiɗa buhu, Kwamandan 'yan sintiri ya tura ta tsakar rana ta gaban majalisa, Hilda na biye da 'yan kwikwiyo a kwali. Likitan ya yi mata allura, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya maimaita duk abin da Hilda ta faɗa, sannan ya tambaya wane mai hankali ne ya ba karya albasa da kanwa. Bappayo ya ce abin dai ya faru ne.

A hanyar dawowa damuwarsa ɗaya. "To kulolin manya fa? Ba a mayar wa babba da abinci."

Asta ta ce, "Wannan bar mini."

Daga ranar, in direba ya sauke kula, sai Asta ta sa turmi a gindin katanga ta hau ta ce, "Naziha, miƙo hannu." Kwana huɗu ana haka. Zawon Kyalla ya tsaya, ta miƙe tana zaga garka, nono ya dawo, 'yan kwikwiyo biyar suka yi shiru suna barci a kan juna. A ɗaya gefen katangar ma kukan jariri ya ragu, aka fara jin Naziha tana waƙa in tana wanki. Kuloli suna komawa a wanke tas, kowane babba yana faɗa a majalisa nasa ne ya tashe ta. Bappayo yana cewa haka ne. Ya fara tunanin lallai Allah ya kawo mafitar da ya ce.

Rana ta biyar bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofa. Alhaji Nata'ala ne da kansa, da baƙi biyu daga Abuja da ya ba labarin jinin Zuma, da direba riƙe da kula. Ya zo ne a ciyar da karyar a gabansa a ɗauki hoto, ya kuma ɗaura jan zare a wuyan wanda ya zaɓa. Suka shiga garka suna ɗage riguna. Hilda tana tsaye gindin mangwaro, ta gaishe su ta koma gefe, don baƙuwa ce kuma mace, ba ta da bakin magana a nan.

Alhaji ya buɗe kular da hannunsa. Kunun ya yi duhu don kanwa, farfesun mai ya rufe shi. Kyalla ta taso tana kaɗa jela, miyau na zuba, don ita ba ta koyi komai ba.

"Kun gani? Ta san abincinta. Bappayo, zuba mata."

Bappayo ya karɓi kular da hannu biyu, yadda ya saba karɓar fayil. Ya yi taku ɗaya, biyu, uku zuwa kwanon. Hanyar ta bi ta gefen ƙaramin tudun ƙasar da ya rufe ɗan kwikwiyon, wanda bai gama bushewa ba. Ya tsaya a nan. Bai dubi Hilda ba, amma ya san tana dubansa. Ya daɗe a tsaye har ɗaya baƙon ya sauke wayarsa. Sannan ya mayar da murfin ya ɗaure.

"Ranka ya daɗe," ya ce, muryar tana fita da ƙyar kamar ƙofar da ta shekara a rufe, "a'a."

Alhaji ya waiga bayansa ko da wani ake.

"Abincin nan ne yake kashe ta, ranka ya daɗe. Shi ya kashe ɗaya. Kwana huɗu ba ta ci ba, shi ya sa ta tashi."

"Ba ta ci ba? To ina abincina yake zuwa?"

Daga bayan zana Asta ta ce, "Inda aka yi shi dominsa, Alhaji. Cikin mai jego. Tana godiya, ta ce a rage gishiri."

Bakin da Bappayo ya buɗe ya ƙi rufuwa. "Kuma 'ya'yan ba nawa ba ne da zan bayar. Na wannan baiwar Allah ne, su da uwarsu. Amana aka ba ni. Na yi kuskure da na ce to."

Fuskar Alhaji ta kumbura. "Kai, Bappayo? Ni kake faɗa wa haka a gaban baƙi? Ni da na sa aka yi maka Kwamanda? Ni da na tsaya a gaban jama'a na shaida abin da na gani a buhun nan da idona?"

"Kifi ne, ranka ya daɗe."

"Me?"

"Banda. Tarwaɗa. Ni na fi kusa."

Ɗaya daga cikin baƙin ya juya yana tari a cikin hularsa. Alhaji ya fizgi rigarsa ya fita, ya bar kular a hannun Bappayo, direban ya tsaya yana rarraba ido, sannan ya bi shi a guje.

Kwana biyu unguwa ta gama yanke hukunci. Maganar kifi ba wanda ya karɓa, don mutum arba'in sun riga sun ga wayoyin nan da idonsu, wasu ma ba sa gari ranar. Aka ce tsufa ne ya fara taɓa Bappayo, Allah sarki. Amma aka kuma gano uban 'yan kwikwiyon wani karen mahauta ne mai yagaggen kunne, don haka jinin ya riga ya gurɓata, ba wanda yake so. Mutum goma sha ɗaya suka janye ba tare da an roƙe su ba. Aka aiko aka karɓi usur da riga mai ƙyalli. Modibbo ya sake duba littafi, ya ga ashe garkar da ba ta kai kadada ba, da wuya a kira ta gona.

Hilda ta ƙara mako uku har 'yan kwikwiyon suka fara lasar shinkafa, sannan ta yi shatar wata tsohuwar mota mai zuwa Michika. Aka sa Kyalla a baya da kwali. Bappayo ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, ya ce, "Ga amanarki. Ɗaya ya mutu a hannuna, ki yafe mini."

Ta ce, "Baba, ni da na kawo ɗaya, zan koma da biyar." Ya ce shida dai, da uwar. Ta sa hannu a kwalin ta ɗauko wata mai fari a goshi ta ajiye a gaban takalminsa. "Biyar. Wannan ba amana ba ne. In kana so ka riƙe, in ba ka so ka ce a'a. Yanzu ai ka iya."

Ya dubi 'yar kwikwiyon tana shinshina yatsunsa. Ya dubi hanyar masallaci. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya dai sunkuya ya ɗauke ta da gefen rigarsa ya yi garka da ita.

Yana nan a Bako har yanzu, sahun farko, sai dai an daina matsa masa wuri kusa da liman. Rankwafawar ma tana nan. Wadda ta yi asara a cikin lamarin Naziha ce, don tun ranar kula ba ta sake tsayawa a ƙofar gidan ba, ta koma kokonta saura kwana goma sha tara ta yi arba'in. Asta ce ta riƙa miƙa mata abin da ya samu ta kan katanga, kuma har yau ba ta yafe ba. Duk sanda zancen ya taso takan ce, "Shekara talatin da uku kana cewa to ba ta amfani kowa ba. Ranar da to ɗinka ta fara sa wa yarinyar mutane nono, ranar ka ga damar koyon a'a. Da ka bari ta yi arba'in mana."

Bappayo yakan ce, "Haka ne," ya ɗauki kwanon ƙanzo ya nufi garka.